Fangalin Ƙarshen Ruwa: Wasiƙa Zuwa Ga Ɗiyata

Duza, ƙaramar hukumar Anka,
Jihar Zamfara.

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, Gwaggonki da mutanen gidanta ma suna lafiya. Mu nan sai godiyar Allah. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki kuwa kullum sai sun tambayi ranar da za ki zo hutu.

Gwaggonki ta faɗa mini kin fara ƙosawa da magani, har kin tambaye ta dalilin da ya sa ke kaɗai ake hana wasa a rana, ke kaɗai ake bi da gorar ruwa. Ban ga laifinki ba. Mai shekara 12 ta isa a zaunar da ita a yi mata bayani. Maganar waya ba ta zama a zuciya, ga sabis ɗinmu yau akwai gobe babu, shi ya sa na rubuto miki abin da likitocinki suka koya mini, da abin da na bi na karanta saboda ke. Ki karanta a hankali, inda ya shige miki duhu ki sake.

Ga gundarin maganar tun daga farko. A cikin ƙwaƙwalwarki akwai wuraren da jini yake isa daga ƙarshe. Jijiyoyin da ke kai musu jinin sun fara tsukewa. Saboda haka duk abin da ya rage miki jini ko ruwan jiki, waɗannan wuraren zai fara taɓawa. Maganin da kike sha da ruwan da ake matsa miki, duk su ake karewa.

Ɗora yatsunki biyu a gefen maƙogwaronki, ƙasa da muƙamuƙi. Kin ji abu yana harbawa? Babbar jijiya ce mai kai jini kai. Biyu ne a gaban wuya, dama da hagu, wasu biyun kuma suna bi ta cikin ƙasusuwan wuya ta baya. Su huɗun suna haɗuwa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa su yi zobe, wanda wani likitan Ingila mai suna Thomas Willis ya bayyana a 1664. Daga zoben nan rassa uku suke fita a kowane ɓari: na gaba, na tsakiya da na baya, kowanne da yankin da yake ciyarwa. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗauka, ta yaro kuwa rabonta ya fi haka. Kuma ba ta da rumbu. Abin da ya iso yanzu shi take ci yanzu, in ya yanke na 'yan mintoci sai ɓarna ta fara.

Kin san lambun albasar Kawunki a fadamar Gummi, bakin gulbin Zamfara. Inji biyu yake kunnawa, ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma. Ruwa yana bin hanya, shi kuma yana biye da fartanya, ya buɗe wa wannan fangali ya sha, ya toshe, ya buɗe wa na gaba. Fangalan da ke tsakiyar lambun, inda ruwan gabas da na yamma suke haɗuwa, su ne na ƙarshen sha. In gulbi ya cika, injuna suna da mai, ba ki bambance su da sauran. In laka da ciyawa suka matse hanyar, har yanzu suna samu, amma da ƙyar, daidai abin da zai riƙe su. To, ranar da bazara ta ja ruwan gulbi, ko mai ya yi ƙasa, fangalan bakin inji suna nan kore shar, na tsakiya kuwa bakin ganyensu ya fara rawaya. Matsewar hanya ita kaɗai ba ta ƙona su ba, raguwar ruwa ita kaɗai ma da ba ta ƙona su ba. Haɗuwar biyun ce.

Haka abin yake a kai. Inda yankin reshen gaba ya yi iyaka da na tsakiya, da inda na tsakiya ya yi iyaka da na baya, da can cikin zurfin ƙwaƙwalwa inda ƙananan jijiyoyi suke ƙarewa, nan ne ƙarshen ruwa. Idan waɗannan wurare suka rasa jini har suka mutu, shi ne shanyewar jiki ta kan iyaka. A cikin duk shanyewar jiki goma da ƙarancin jini a ƙwaƙwalwa ke haddasawa, kusan ɗaya irin wannan ce. Likita in ya ga tabo a waɗannan wurare a hoton ƙwaƙwalwa, abu na farko da zai nema shi ne jijiyar da ta tsuke a wuya ko a cikin kai, don sau da yawa tare suke tafiya. Akwai kuma wata hanya da tsukewar ke ɓarna: 'yan ɓarɓashin gudan jini suna ɓallewa daga wurin da ya tsuke, da jini yana gudu da ƙarfi da ya wanke su, amma da yake ya yi rauni sai su je su maƙale a can ƙarshe.

Me ya tsuke naki tun kina ƙarama? Amosanin jini, sikilar da aka haife ki da ita. Ƙwayar jinin mai lafiya laushi gare ta, tana lanƙwasa ta wuce ta kowace kafa, kuma tana kwana 120 tana aiki. Taki in iska ta yi mata ƙaranci sai ta ƙandare ta lanƙwashe, ta yi danƙo, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Kullum tana gogar bangon jijiya daga ciki, bangon yana jin ciwo yana warkewa, yana kauri, hanyar tana raguwa. Wurin da ya fi shan wannan wahala shi ne ƙarshen jijiyar wuyan nan da kika taɓa, bayan ta shiga ƙoƙon kai, da farkon reshen tsakiya da na gaba. Ga shi kuma jinin mai sikila dama a ƙasa yake. Don ƙwaƙwalwa ta samu abin da zai ishe ta, jijiyoyinta sun riga sun buɗe iyakar buɗewarsu, zuciya tana ta turo jini da sauri. Mai lafiya in jininsa ya ragu, jijiyoyinsa suna da sauran wurin buɗewa. Ke naki ragowar kaɗan ce. Wannan shi ne bambancinki da ƙawayenki, kuma shi kaɗai ne.

Ba ke kaɗai ba ce, Uwata. A Najeriya ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila a kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da AS, kamar ni da Innarki. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 1998 ya nuna cewa in ba a yi rigakafi ba, yara 11 cikin 100 masu SS suna samun shanyewar jiki kafin su kai shekara 20. Ban rubuto wannan don in tsorata ki ba. Wancan lissafin na zamanin da ba a san yadda ake hango abin ba ne, yanzu kuwa an sani.

Kin fi ni sanin na'urar TCD, tunda kanki aka ɗora wa. Kina kwance, ma'aikaciyar ta shafa miki wani mai mai sanyi a gefen goshi, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri. Ta ɗora kan na'urar tana juya shi a hankali, sai ɗakin ya cika da ƙara, fuu, fuu, fuu, daidai da bugun zuciyarki. Ba allura, ba zafi. Saurin jini take aunawa. In kika danne bakin tiyon Kawunki da babban yatsa, ruwan sai ya fita da tsiri, to jini ma in hanya ta matse masa gudu yake ƙarawa, ƙarancin jinin kuma yana daɗa masa sauri. In lambar ta tsaya ƙasa da 170, lafiya lau. Daga 170 zuwa 199 a sa ido a sake awo ba da jimawa ba. Daga 200 zuwa sama akwai haɗari, a fara magani. Taki ta haura 200, shi ya sa muka yarda ki zauna Kano kusa da likitoci, duk da kewarki da ke damunmu. Kowane yaro mai SS ya kamata a yi masa wannan awo sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Ina tuna yaran ƙauyukanmu na Anka da Bukkuyum da Gummi da ba a taɓa ɗora wa ko ɗayansu wannan na'ura ba, abin yana ci mini rai.

A 1998 ɗin nan dai, wani likita mai suna Robert Adams da abokan aikinsa suka nuna cewa yaran da lambarsu ta kai 200, in an bar su haka, kusan 10 cikin 100 suke shanyewa a kowace shekara, amma in ana yi musu ƙarin jini duk wata haɗarin yana raguwa da kashi 92 cikin 100. Babban labari ne, sai dai ƙarin jini duk wata ba abin da talakan Zamfara zai iya ba ne. Ina jinin, ina kuɗin, ina hanyar? Amsar da ta dace da mu a garin da kike zaune aka samo ta. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala, irin su Dakta Najibah Galadanci da Dakta Shehu Abdullahi, tare da Farfesa Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt, sun gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yaranmu. A binciken da suka fitar a 2022, yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 masu lamba irin taki aka raba kashi biyu, wasu ana ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. A duka ɓangarorin 'yan kaɗan ne suka shanye, nesa ba kusa ba da abin da ake gani in ba magani, waɗanda suka sha 20 kuma sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Wannan kafso da kike haɗiya kowace safiya, iyaye irina ne suka ba da 'ya'yansu aka tabbatar da amfaninsa. Aikinsa shi ne ya sa jikinki ya koma ƙera irin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya, wanda ba ya barin ƙwayar jini ta ƙandare. Ƙwayoyin sai su ƙara kwana, jininki ya ɗan hau, danƙon ya ragu. Ba ya aiki a rana ɗaya, ba ya son tsallake, kuma dole a riƙa awon jini don likita ya daidaita shi. Ranar da kika ji garau ma ki sha, jin garau ɗin aikinsa ne.

Akwai wani ɓangare da nake so ki fahimta sosai, don ya shafi makaranta. Ba kowace shanyewa ce ke karkatar da baki ba. Akwai wadda ke faruwa shiru, a can zurfin iyakokin nan, musamman ta gaban kai. Yaro yana tafiya, yana magana, yana cin tuwonsa, amma wani ɗan wuri ya mutu a ciki, ba mai gani sai hoton MRI. Kusan ɗaya cikin uku na yara masu SS suna da irin wannan tabo kafin su girma. Alamarsa a aji take fitowa. Yaron da bara yake haddace lissafi, bana sai a ba shi aike uku ya dawo da ɗaya. Ya fara kwafe allo ya tsaya a tsakiyar layi yana kallon biro, ya manta inda yake. Sai a ce daƙiƙi ne, ko ya lalace da wasa, a sa masa bulala. Na ga an yi wa yara haka, kuma zalunci ne da rashin sani ya jawo, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. In kika ji karatu ya yi miki nauyin da ba ki saba ba, kar ki ɓoye don kunya. Ki faɗa wa Gwaggonki, ita kuma ta faɗa wa likita.

Yanzu ga abubuwan da ke janye ruwan gulbi. Na farkonsu zazzaɓin cizon sauro, don shi ma fasa ƙwayoyin jini yake yi, a kwana biyu sai ya zubar da jinin mai sikila. Kar ki kwana ba gidan sauro, ko da ana zafi, kuma jikinki in ya yi zafi a yi awo a ranar, kar a jira gobe. Na biyu gudawa da amai. Da sun fara a haɗa miki ruwan gishiri da sukari, in kin kasa riƙe shi a ciki sai asibiti. Na uku zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, gumi yana tsiyaye mutum bai sani ba. Ki duba fitsarinki, in ya yi duhu ruwa bai ishe ki ba. Na huɗu azumi. Na san ranki yana so ki yi tare da sa'o'inki, kuma wannan niyya ce mai lada, amma addini ya yi wa marar lafiya rangwame, kar ki ɗauka sai likitanki ya yarda. Ki koyi duba kanki kowace safiya: ki buɗe tafin hannunki a haske, ki ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi, ki fito da harshe. In kika ga sun yi fari fiye da yadda kika san su, ga haki, ga jiri in kin miƙe, jini ne ya sauka, a tafi a ranar.

Alamomin shanyewa kuwa ki haddace su, ki koya wa Gwaggonki da ƙawarki ta aji. Baki ya karkace. Hannu ya saki, cokali ko biro ya faɗi. Ƙafa tana ja. Magana ta sarƙe, ko kalma ta ɓace. Gani ya dushe ta gefe guda. Ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko jijjiga. Ta kan iyaka wani lokaci kafaɗa da ƙugu take fara kashewa, yatsu suna motsi amma hannu ya ƙi ɗaguwa. Ko da abin ya zo ya wuce cikin 'yan mintoci, gargaɗi ne, a tafi. Mai sikila in ya shanye, ƙarin jini cikin gaggawa yake bukata, kowace sa'a tana da daraja. A garinmu in haka ta faru za ki ji ana cewa iska ce ta taɓa shi, ko aljani ya mare shi, a shiga hayaƙi da shafe-shafe har gari ya waye. Addu'a makaminmu ce, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya. Kuma kar a ɗura wa wanda bakinsa ya karkace ruwa ko rubutu, yana iya shaƙewa ya bi masa ta huhu.

Mu mutanen Duza bai kamata a koya mana wannan darasi sau biyu ba. A 2010, kafin a haife ki, yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa a nan, da Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska. Da likitocin MSF da sauran masana suka auna jinin yara da ƙasar tsakar gida, sai ga gubar dalma daga dutsen zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar aka ba yara magani, mutuwar ta ja baya. Ciwon yana da sanadi, sanadin kuma ana iya auna shi. Dalma tana rage jini, tana kuma jawo hawan jini in an girma, shi ya sa nake matsa wa yayanki da sa'o'insa da suka tsallake wancan lokaci su riƙa awon jininsu duk da ƙuruciyarsu.

Manya ma suna da irin naki ta wata hanyar. Su hawan jini da ciwon suga da taba da kitse ne suke tsuke musu jijiya a hankali cikin shekaru, kuma tsukewar jijiyoyin cikin ƙoƙon kai ta fi yawa a baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa. Binciken da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, wanda ya fito a 2018, ya ɗora kusan tara cikin goma na shanyewar jiki a wuyan hawan jini. Kakanki na wajen Inna yana cikin masu hawan jinin. Shi haɗarinsa biyu ne: ya bar magani jini ya hau, ko ya ji kansa yana sarawa ya haɗiye ƙwaya biyu maimakon ɗaya, ga zafi, ga ƙishirwa, jinin ya faɗi farat ɗaya, ƙarshen ruwa ya bushe. Mai tsukakkiyar jijiya a sannu ake saukar masa da jini, kuma likita ne mai saukarwa. Ni in na faɗa masa sai ya ce na cika tsoro, amma ke ba ya musa miki. In kin zo hutu wannan aikinki ne.

Kin san halin hanyarmu. Daga nan zuwa Gusau ko Sakkwato ba tafiyar da ake yi da dare ba ce a wannan zamani. In kin zo za mu shirya tun da wuri: maganinki na dukan hutun a jaka, katin asibitinki da rukunin jininki a rubuce, da direban da za a kira. In zazzaɓi ya kama ki da rana ba za mu jira magariba ba.

Uwata, jijiyoyinki sun tsuke, amma hankalinki bai tsuke ba, kuma akwai masu sikila da suka zama likitoci da malamai da iyayen gida. Ina so ki riƙa tambayar likita da bakinki: nawa ce lambata yau, nawa ne jinina? Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubutawa da kwanan wata, ki aiko mini da lambar awo na gaba da rubutun hannunki. Ki karanta wa Gwaggonki wannan wasiƙa, ki kai wa malamar ajinku ita ma ta gani.

Na ba direba kuɗin magani na wata biyu, da gero da ƙuli-ƙulin da Innarki ta yi miki, ki ɗiba wa yaran gidan. Ki gaishe da Gwaggonki da maigidanta, ki yi musu biyayya, kar ki yi wasa da salla. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya raya mana ke, ya yi miki albarka duniya da lahira. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki mai ƙaunarki.